Bindigar Kum Obrad Ta Sami Maratayi

Da Dobrilo ya sauko daga motar garin Cacak da jakarsa da baƙin tabarau, sai ya tarar ƙauyen bai tsaya jiransa ba. An sare bishiyar gaban coci, an kafa allon tallan taya a gurbinta. Makarantar da ya yi ta zama rumbun dankali. Shagon shan kofi ya koma hannun wata mata da ba ta yarda a zagi gwamnati sai a waje. Karensu ya mutu, an kawo wani da bai san shi ba, wanda ya tarbe shi a bakin ƙofa ya cafke igiyar jakarsa ya tsinka ta. Ɗakinsa ya cika da kwalaben tattasai da igiyoyin albasa, gadonsa kuwa wata kaza ta mayar da shi nata. Bindigar marigayi babansu, mai gindin katakon nan da ya sha hannu har yana ƙyalli, mahaifiyarsu Inna Stamena ta naɗe ta a bargo ta kai wa 'yan sanda shekarar da hukuma ta ce a mayar da makamai. Sannan Sreten, ƙanen da ya bari yana jan majina, ya tsiro gashin baki, ranar Lahadi kuma zai yi aure.

Abin da bai canja ba shi ne bakin Dobrilo. Kafin ya cire takalmi ya riga ya sanar da gidan cewa a Jamus ba haka ake ɗaura ƙofa ba, ba haka ake tara itace ba, kare ma ba haka yake haushi ba. Kafin a kwana biyu ƙauyen ya raɗa masa Bajamushe, shi kuma ya ɗauka sarauta ce. Ya fi son ba da labarin masana'antar da ake ƙera jiragen ruwa da faiba, wato zaren gilashi da ake cuɗawa da danƙo ya daskare. Gaskiya ne ya yi aiki a can. Shi ke wanke motocin ma'aikata a bakin ƙofa, amma ta taga yana hango komai.

Damuwar gidan kuwa tuffa ce. Ba a buɗe wa ango ƙofar gidan amarya sai ya harbo tuffar da uban yarinya ya soke a kan sanda. Iyayen kirki sukan sa ta ƙasa-ƙasa, inda ko da dutse za a iya sauko da ita, a yi dariya a wuce. Amma uban Rosanda, amaryar Sreten, shi ne Desimir shugaban mafarauta, wanda yakan haɗa sanduna biyu ya ɗaure su a ƙololuwar bishiyar ƙofar gidansa. Lokacin auren babbar 'yarsa, angon ya yi ta harbi har miya ta huce, fada, limamin cocin, ya gaji da jira ya tafi cin abinci, 'yan rakiya suka juya gida ba amarya. Sai bayan girbi aka ɗaura auren, kuma har yau Makaho ake kiran mutumin, 'ya'yansa ma 'ya'yan Makaho. Sreten bai fi tsoron komai ba kamar ya zama Makaho na biyu.

Da yake gidan ba bindiga, Kum Obrad ne ya ba da aron tasa. Gidan Obrad ne ke tsaya wa gidansu a wajen suna da aure tun kaka da kakanni, shi ya riƙe Dobrilo da Sreten a coci suna jarirai, irin wannan ubangidan shi ake kira kum, kuma a wannan ƙasa mutum ya gwammace ya ɓata da fada da ya ɓata da kum ɗinsa. Bindigar sabuwa ce fil, baƙa wuluk, ba nauyi, babu ko tsinken katako a jikinta, gindinta duk faiba ne. Ba ta zo da zoben rataya ba, don haka Kum yakan rungume ta a ƙirji kamar jariri, yana goge ta da hankicinsa. Da ya miƙa wa Sreten ita sai da ya ce a riƙe masa kamar ƙwai, ya kuma juyo daga bakin ƙofa ya sake faɗa.

Suka tafi bayan lambu gwaji. Sreten ya soke dankali a kan sanda, ya ɗaga bindiga, sai bakinta ya shiga yawo a sama kamar mai rubuta sunansa. Ya kashe kabewar maƙwabta, ya kori hankakin unguwa kaf, dankalin kuwa ya kwana lafiya.

Dobrilo ya cire tabarau ya duba bindigar sama da ƙasa. Ya ce laifin ba na hannun Sreten ba ne, bindigar ce tsirara. A Jamus babu maharbin da zai fita ba maratayi. Idan ka naɗe maratayin a damtse ka ja shi ya yi tauri, hannu ba ya rawa, ko mai zazzaɓi zai harbo ƙuda a kan ƙahon sa. Aikin sukuru biyu ne masu zobe, ɗaya a gindi ɗaya a gaba, kafin kofi ya huce an gama.

"Yaya, mu tambayi Kum tukuna," in ji Sreten.

"Ana tambayar mutum kafin a yi masa kyauta? Kai dai ka tanadi hankici, don kuka zai yi."

Washegari ya shiga motar Cacak ya dawo da maratayin fata da ƙullin sukurori. Mai shagon ya fara cewa wani abu a kan noti da gam, Dobrilo ya katse shi, ya ce shi da faiba kamar uwa da ɗa suke.

Ya kafa teburi a tsakar gida ƙarƙashin inabi, inda duk mai wucewa zai gani. Inna Stamena ta tafi gidan 'yar'uwarta inda mata ke naɗe naman biki a ganyen kabeji. Dobrilo ya ce aikin Jamus ba a yin sa a kan katako tsirara, sai an shimfiɗa abu mai laushi, ya shiga ɗakinta ya buɗe akwati ya zaro tawul ɗin da ke sama. Fari ne, an yi masa surfanin jajayen furanni, duk sanyin bana ta kwashe tana ɗinka shi don wuyan Kum ranar biki. Ya shimfiɗa, ya kwantar da bindiga a kai rigingine, ya sa Sreten ya danne ta.

Kafin ya jona injin huda, shinge ya cika. Kawu Milutin, tsohon maƙwabcinsu na dama, ya zo da kujerarsa. Gwaggo Persida, maƙwabciyarsu ta hagu, ta bar shanya ta jingina da shinge tana ɓare wake. Dobrilo ya ɗaga injin sama don kowa ya gani, ya faɗi sunansa da Jamusanci, ya ɗora bakinsa a kan gindin bindiga ya danna.

Faiba santsi gare shi. Injin bai shiga ba, sai ya yi tsalle ya zura da gudu, ya ja farin layi tun daga gindi har kusa da kunama. Sreten ya rufe ido. Dobrilo ya ce alama ce, ana fara yin ta don a san tsakiya.

"Tsakiyar ta yi tsawo, ɗan Stamena," in ji Kawu Milutin.

Karo na biyu ya hau kan injin da duk nauyinsa. Ya ɗan yi gardama, sai kuma fuf, ya nutse har wuya kamar an soka cokali a kunu. Farar ƙura mai ƙyalli ta tashi ta sauka a kan tawul, da hannuwan Dobrilo, da girarsa. Ashe ɓawo ne kawai a waje, siriri kamar na ƙwai, cikin kuwa soso ne. Duk ƙauyen babu wanda ya taɓa ganin bindiga mai soso. Gwaggo Persida ta ce an cuci Kum, katifa aka sayar masa.

Dobrilo ya sa sukuru ya murɗa. Ya murɗa, ya murɗa, sukurun yana juyawa cikin nishaɗi, bai kama komai ba. Da ya saki, sai ya kwanta gefe.

Nan Kawu Milutin ya gyara zama. Ya ce shi ya sa wa bindigogi maratayi tun Dobrilo bai zo duniya ba, kuma hanya ɗaya ce: a sa ƙusa a wuta ta yi ja, a ƙona rami, a cusa tsinken ashana, sukuru ya kama har jikoki su gada. Dobrilo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a Jamus da an ji wannan magana da an ɗaure Kawu. Ya huda wani ramin kusa da na farko, ya sa sukuru, ya juya. Ya huda na uku, shi ma ya juya. Sai ya tsaya ya dubi sama, ya ce yanzu ya tuna, Jamusawa ma suna amfani da zafi, sunan da suke kiransa ne daban.

Aka sa ƙusa a murhun da ake dafa wa aladu abinci har ta yi ja. Dobrilo ya kamo ta da filaya ya zura a ramin farko. Wani hayaƙi rawaya ya fito ta duk ramukan uku a tare, da wari kamar an ƙona taya a cikin kantin magani. Sabon karen ya tsallake shinge bai dawo ba sai da yamma. Gwaggo Persida ta ruga ta kwashe shanyarta tana ambaton iyayen Jamusawa ɗaya bayan ɗaya. Da hayaƙin ya lafa, ramin ya isa babban yatsa ya shiga ya juya, soson ciki kuwa ya narke ya bi iska.

Kawu Milutin ya taso ya ƙwanƙwasa gindin bindigar da ɗan yatsa, ya kara kunne.

"Sallama a gidan nan. Ba kowa, Bajamushe, sun tashi."

"Haka ake so, Kawu. Sai an share ɗaki ake sa kaya."

Aka zo kan ashana. Dobrilo ya cusa tsinke ɗaya, ya faɗa ciki, aka ji ƙararsa can ƙasa. Ya cusa wani, ya bi ɗan'uwansa. Ya juye kwali guda, Kawu ya ba da nasa, Gwaggo ta aiko da na kicin ɗinta don ta ga ƙarshen abin. Bindigar ta haɗiye duka ba ta ƙoshi ba. Da Sreten ya ɗaga ta, sai ta yi caka-caka kamar abin wasan jarirai. Ya ajiye ta a hankali ya ce shi dai gara ya je ya faɗi a gaban Kum tun yanzu, ko ya yi masa rai. Dobrilo ya riƙo rigarsa ya ce ba a nuna wa mai gida gini ana tsakiyar kwaɓa siminti.

Maganar siminti ce ta kawo masa dabara ta gaba. Ya shiga rumbu ya fito da gwangwanin kumfar nan da ake toshe ramin taga da ita. Ya ce soso ya fita, soso zai koma, lissafi ya daidaita. Ya zura bututun a rami ya danna, ya ga ba abin da ya fito, ya ƙara dannawa, ya ce don tabbaci bari ya ƙarasa gwangwanin. Sai kumfa ta fara leƙowa ta ramin farko, ta biyo ta na biyu da na uku, tana kumbura tana murɗewa kamar hanjin rago. Robar da ke ƙarshen gindi, wadda ake jinginawa a kafaɗa, ta ɗaga a hankali ta buɗe baki, kumfa ta fito ta nan ma.

"Ƙullinka ya tashi, ɗan nan," in ji Gwaggo Persida. "In kunna maka tanda?"

Dobrilo bai kula ta ba. Da kumfar ta daskare ya yanke ta da wuƙar burodi, ya danne robar da gwiwa, ya shafe komai da baƙin man takalmi. Ya dulmiya sukurun baya a gam ɗin gyaran takalmi ya dasa shi a tsakiyar kumfa kamar mai dasa albasa. Na gaba kuma ya ce ba zai sake yarda da gajere ba. Ya zaɓi mafi tsawo a ƙullin, ya murɗa shi ta ƙasan bututun bindiga har ya ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ya ce yauwa, yanzu ya sami abin kamawa, ya ƙara murɗawa da hannu biyu. Sreten ya leƙa ta baya ya ce shi kamar yana ganin bututun ya ɗan kau da kai, irin na mai jin kunyar surukarsa. Dobrilo ya ce idonsa ne, tsoro ke karkata shi.

Ya ɗaura maratayin fata, ya rataya bindigar a kafaɗa da dabara, hannu ɗaya na tallafe da ita ta ƙasa, ya zaga tsakar gida. Ya hana a gwada harbi, ya ce gam yana bukatar hutu har ranar Lahadi. Sannan ya kakkaɓe tawul sau ɗaya, ya ninke shi yadda ya same shi, ya mayar cikin akwati. Tun daga lokacin hannuwansa suka fara ƙaiƙayi, yana susa yana cewa iskar ƙauye ce ba ta karɓe shi ba.

Man takalmi bai rufe asiri sosai ba, don haka ranar Lahadi da safe ya naɗe gindin bindigar da farin ƙyalle da jan ƙyalle, ya soka furanni da ganyen ƙamshin da 'yan biki ke maƙalawa a ƙirji, har ta fi motar amarya ado. Kum Obrad ya iso cikin baƙar kwat, ya ga bindigarsa an yi mata kwalliya ga maratayin fata yana sheƙi, idonsa ya kawo ruwa. Ya tambayi wanda ya sa mata zobba.

"Aikin Jamus ne, Kum. Ba sai kun gode ba."

Kum ya kai hannu zai ɗaga ƙyallen ya gani, sai ga Inna Stamena da tawul. Ta yafa masa a wuya, ta cusa gefensa cikin kwalar riga don kada iska ta ɗauke, ta sumbace shi a kunci. 'Yan badujala suka busa, aka ɗunguma.

Rana ta yi zafi, Kum ya fara gumi, gumin ya jiƙa tawul. Shi ke gaba, kowa na kallonsa, kuma kum ba ya cire tawul ɗin biki sai amarya ta taka gidan miji, cire shi kamar jefar da auren ne a ƙasa. Da farko ya ɗan murɗa wuya. Can ya ɗaga kafaɗar dama, ya ɗaga ta hagu. Masu busa suka ga Kum na kaɗa kafaɗa, suka ɗauka kiɗan ne ya yi masa sanyi, suka ƙara wuta. Ya ƙara kaɗawa, suka ƙara. Haka dattijon da ba a taɓa ganin haƙorinsa a waje ba ya ratsa ƙauyen yana karkarwa kamar an zuba masa tururuwa a riga, mata na guɗa suna cewa ba su san Kum ya iya rawa haka ba. Da aka zo wajen turken lantarki ya tsaya kamar zai gyara takalmi, ya goga ƙeyarsa a jiki.

A ƙofar gidan amarya Desimir na tsaye ya harɗe hannuwa, mafarautansa sun jeru a kan shinge kamar tsuntsaye. Tuffar tana can sama, ɗan jan ɗigo a tsakiyar sararin Allah. A tagar bene Rosanda na leƙowa ta bayan labule.

"Sreten, an ce ka zo da injiniya," in ji Desimir. "Shi zai harba, ko shi zai auri yarinyar?"

Dobrilo ya fito tsakiyar fili ba wanda ya kira shi. Ya yi wa mafarautan bayanin maratayi, yadda ake naɗe shi, da dalilin da ya sa su har yau suke harbi irin na kakanninsu. Ya ce su buɗe ido, yau za su ga makaranta kyauta. Ya naɗa fatar a damtsen Sreten, ya ja baya ya toshe kunne ɗaya.

Abin mamaki, hannun Sreten bai yi rawa ba. Ya saita, ya riƙe numfashi, ya ja kunama. Can hagu, a kan rufin gida, farantin talabijin ya yi ƙara kamar ƙararrawar coci. Daga cikin ɗaki kakar amarya ta aiko a tambaya wane ɗan banza ne ya ɗauke mata hoto.

Dobrilo ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce iska ce. Ganyen bishiya ko motsi ba ya yi. Ya ce Sreten ya ƙara jan maratayi ya yi tauri. Da aka ƙara ja, dogon sukurun ya ƙara tura bututun, harsashi na biyu ya tafi gaisar da rumbu. A goshin rumbun nan Desimir ya kafe ƙahonin barewar da ya fi alfahari da su a duniya, waɗanda yakan kai baƙi su gani kafin ya ba su kujera. Ƙahon dama ya yi lilo, ya faɗo cikin kwatamin agwagi.

Dariyar mafarauta ta tsaya cak. Desimir ya dubi ƙahon, ya dubi Sreten, gashin bakinsa na motsi shi kaɗai. Ya ce saura ɗaya. Idan ta wuce, su juya da badujalarsu, a sake magana bayan girbi. Daga kan shinge wani ya fara gwada sunan a bakinsa a hankali, Makaho ƙarami, don ya ji ko ya zauna. Fuskar Sreten ta yi fari kamar cuku. Ya ɗaga kai ya dubi taga, labulen ya motsa.

"Yaya, a cire igiyar nan," ya ce ƙasa-ƙasa.

"A cire? Ita ce kaɗai ke tare da kai a filin nan. Ba ka ja ba ne. Ja kamar kana fitar da saniya daga taɓo."

Bai ma yarda da ƙarfin ƙanen ba. Ya zo ta baya ya kama fatar da kansa, ya kafa ƙafa, ya ja. Sreten na kai yatsa kan kunama, sukurun baya ya tumɓuko da guntun kumfa a jikinsa kamar haƙori da saiwarsa. Maratayin ya yi bulala ya sauka a bakin Dobrilo. Robar gindi ta yi tsalle, tsinken ashana ya watsu a kan 'yan biki kamar shinkafar da ake watsa wa amare, bindiga ta zabura ta tashi da kanta. Harsashin ya sami daidai inda Desimir ya ɗaure sanduna biyu. Sandar sama ta tsaya kamar tana tunani, ta sunkuya, ta rikito ta cikin rassa. Tuffa ta fice, ta gangara tsakar gida, ta tsaya a bakin matakala, lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Gardama ta kaure. Rabin mafarauta suka ce ta sauko, an gama. Rabi suka ce saukowa daban, harbi daban. Wani tsoho ya ce a zamanin kakansa an yi irin wannan, amma ya manta yadda aka ƙare. Dobrilo, leɓe a kumbure, yana ƙoƙarin bayyana cewa da gangan ne, a Jamus sanda ake nema ba tuffa ba, sai dai maganar ba ta fita da kyau. Desimir ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Tuffa na ce a harba, ban ce a sare mini itace ba. Babu rami a jikinta. A kawo tsani a mayar da ita."

Kowa ya dubi bindigar da ke hannun Sreten, kumfa na leƙe ta gindinta. Ko an mayar da tuffar, ba da wannan za a sake harbi ba.

Sai aka ji takun takalmi a matakala. Rosanda ce, cikin farar riga, ba wanda ya ba ta izinin fitowa. Ta sunkuya ta ɗauki tuffar, ta goge ta da mayafinta, ta gatsa mata cizo irin na mai yunwa. Ta tauna a tsanake, ta haɗiye, sannan ta miƙa wa ubanta saura a tafin hannu.

"Ga rami, Baba. Ya ma fi na harsashi girma. Miya na hucewa."

Desimir ya dubi tuffar, ya dubi 'yarsa, ya dubi agwagin da ke tsattsagar ƙahonsa. Ya ce wa Sreten, tun da haka ne ya ɗauke ta, amma ya sani shi ne za a riƙa sokewa a kan sanda. Ya buɗe ƙofa da kansa. Badujala ta ɓarke, Sreten ya ajiye bindiga a kan benci kamar mai ajiye maciji, ya kama hannun amaryarsa.

Kum Obrad bai bi su ciki ba. Ya je bencin ya ɗauki bindigarsa. Ƙyallayen sun zame, furanni sun zube. Ya bi farin layin da yatsa tun daga gindi har kunama. Ya zura yatsa a rami, ya fitar, ya zura a na kusa da shi. Ya girgiza ta, sauran ashana suka amsa. Man takalmi ya baƙanta masa hannu da farar rigarsa. Wuyansa ya yi ja kamar tattasai, ya kumbura har kunne. Rana ta haska tawul ɗin, sai ga shi yana ƙyalli da wata farar ƙura, irin wadda ke ƙyalli a bakin ramukan. Inna Stamena, da ke tsaye kusa, ta ga wannan ta ga wancan, ta juya ta dubi babban ɗanta.

"Kun ji yadda ta ƙara sauƙi, Kum?" in ji Dobrilo ta gefen leɓe. "Ramukan na shan iska ne. Sabon yayi ke nan."

Kum ya daɗe yana kallonsa, yana susar ƙeya da bakin hularsa. Kum ba ya furta mugun abu ranar biki, don duk abin da ya fito bakinsa kan ango da amarya yake sauka. Saboda haka ya yi murmushi, murmushin da ya sa na kusa suka ja da baya.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yau ta Sreten ce. Gobe da safe zan zo gidanku shan kofi, ni da kai, mu yi hira a kan Jamus."

Kawu Milutin ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Mutum na ƙarshe da Kum Obrad ya je wa kofin safe ya sayar da tumakinsa ya koma garin matarsa.

Ana tsakiyar rawa da la'asar, an kama hannu an yi da'ira, Dobrilo ya zame ta bayan rumfa ya bi ta lambu ya koma gida. Motar Cacak ta yamma ba ta riga ta wuce ba. Ya kori kazar daga kan gado, ya tura riguna cikin jaka, ya sa tabarau. Da ya zo ɗauka sai ya tuna kare ya tsinke igiyar. Ya tsaya yana susar hannu, ya dubi jakar, ya dubi maratayin fata da ya kwance daga bindigar ya cusa a aljihu, da sukurun baya a jiki, ya dubi injin huda a kan taga. Ya jona shi, ya ɗora jakar a kan gwiwarsa, ya saita.

Injin bai tashi ba. Inna Stamena ce a bakin ƙofa, wayar injin a hannunta, ta zare ta daga bango. Ta ajiye ƙullin naman biki da burodi a kan kayansa, ta tsinko igiya daga jerin albasa, ta durƙusa ta fara ɗaure jakar.

Kawu Milutin ya leƙo ta taga, furen biki na maƙale a kunnensa, ya tambaya ina kuma aka nufa, ga kofi gobe.

"Norway, Kawu. Sun daɗe suna nemana. Can ma jiragen ruwa suke ƙerawa da faiba, kuma yanzu ba su da wanda ya san cikinsa kamar ni."

Inna ta ja ƙullin igiyar da haƙori ta ɗaure tam, ta miƙa masa jakar.

"In ka isa ka aiko mini da sunan jirgin," ta ce, "in gaya wa mutane kada su shiga."

Dobrilo ya saɓa jakar a kafaɗa, albasa ɗaya na lilo a jikin igiyar, ya kasa kunne wajen hanya yana jiran hon ɗin mota.